Kaset Talatin da Ɗaya na Nata'ala

Duk wanda ya zauna a Dutse tsakanin 1992 da 2000, in dai yana bin hanyar tasha, ya san shagon Nata'ala mai kaset. Shago ne na kwano da katako, faɗinsa bai wuce taku huɗu ba. Akwai benci a ciki, amma na baƙi ne, domin shi mai shagon ba ya zama. A tsaye yake aiki, a tsaye yake cin abinci, kuma in yana magana da kai yatsunsa na buga teburi kamar mai jiran wani saƙo da ya makara.

Sunansa na yanka Abdulwahab. An haife shi a wani ƙauye a ƙasar Buji, a gidan malamai. Da mahaifinsu ya rasu, yayansa Malam Sharhabilu ya gaji makarantar da ɗalibanta. Shi kuwa Nata'ala ya yi karatu daidai gwargwado, sannan ya tafi Kano ya koyi gyaran rediyo. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama babban birni, ma'aikata suka riƙa kwararowa daga Kano. Ya biyo su da akwatin kayan aiki da rikoda mai baki biyu, wadda ake sa kaset a baki ɗaya ta kwafe shi a ɗayan.

Aikinsa ke nan, kwafa. Kaset na asali shi ake kira uwa, waɗanda aka kwafa daga gare shi kuma 'ya'ya. Direbobi na son waƙoƙin gargajiya da na Indiya, tsofaffi na son karatu da wa'azi, ma'aikatan sakatariya na son abin da za su ji a hanya ran Juma'a in za su koma wurin iyalansu a Kano. Kowa yana samun nasa a wurin Nata'ala.

Abin da shi kansa yake so kuwa, a cikin motocin Kwatano ya zo masa. A lokacin akwai wani direba, Ɗan'inna, da ke tuƙo wa wani dillali tsofaffin motocin Turai daga Kwatano. Wata rana a 1993 ya shigo shagon ya jefa kaset a kan teburi.

"Mai kaset, ga tsaraba. A cikin rediyon motar na same shi. Baturen da ya sayar da ita ya manta da haukarsa a ciki. Ka goge ka sa mini wani abu na mutane."

Kaset ɗin ba na kamfani ba ne. Wani ne ya haɗa shi a ɗakinsa, ya zaɓo waƙoƙi daga nan da can, ruwa kuma ya taɓa takardar har rubutun ya narke. Nata'ala ya sa shi don ya ji ko zaren na da lafiya. Bai goge ba. Jita ce guda biyu da ganga da muryar wani saurayi da ba ta da wani zaƙi, kamar wanda ya tashi daga barci aka ce ya ba da shaida. Waƙar ta fara a hankali, can sai komai ya fashe lokaci ɗaya, sannan ta sake komawa shiru. Ya mayar baya ya sake ji. Ranar sai da ya ji ta sau tara.

Daga nan ya sa duk mai tuƙo motar Kwatano ya riƙa duba masa cikin rediyo da aljihun gaban mota. Yawancin abin da ake kawowa tarkace ne. Amma cikin shekara bakwai ya tara kaset talatin da ɗaya na irin wannan kiɗa. Ya ɓalle musu 'yan haƙoran nan na sama, waɗanda in babu su rikoda ba ta iya ɗaukar wani abu a kan kaset, ya jera su a cikin gwangwanin biskit.

Wani malamin Turanci na sakandare ya taɓa tsayawa ya saurara. Ya ce masa wannan shi ake kira rok, amma ba na manyan mawaƙan da ake ji a rediyo ba ne. Na ƙananan ƙungiyoyin samari ne da ke haɗa kayansu da kansu, ko a ƙasarsu ba kowa ya san su ba. Sunayensu kuwa shi ma bai sani ba. Wannan bayani ya yi wa Nata'ala daɗi ƙwarai. Tun da babu suna, sai ya raɗa musu nasa.

Akwai Injin Niƙa, wadda jitarta ke gurnani tun daga farko har ƙarshe, amma in ka daure minti biyu za ka ji wata siririyar murya a ƙarƙashi tana bin hanyarta ba ruwanta da hayaniyar. Akwai Ruwan Farko, mai farawa da ɗiga-ɗiga. Akwai 'Yar Tsama, ta wata mace mai waƙa kamar tana yi wa wani faɗa a hankali don kada maƙwabta su ji. Akwai Gurgun Doki, wadda gangarta ke tsallake taku ɗaya kullum, har sai ka saba ka fara jiran tsallaken. Ba ya jin Turancin, sai kalma ɗaya-ɗaya. Ya ce ba a buƙata. Wanda ya taɓa jin mai gurmi yana kiɗa shi kaɗai a bakin kasuwa bayan an watse, ya riga ya san rabin abin.

Matsalar ita ce babu mai tsayawa ya ji. In ya ce wa mutum, "Ba ni minti uku kacal," sai mutumin ya duba agogo. Saboda haka ya koma ga al'adar kasuwa. Mai sayar da gero in ya gama awo yana ƙara ɗan hannu, gyara. Shi ma kaset in aka gama kwafar abin da mai shi ya nema, kusan kullum akan sami ragowar zare na minti huɗu ko biyar a ƙarshe. A nan Nata'ala yake zuba gyaransa: waƙa ɗaya daga cikin gwangwani, wadda ya ga ta dace da mutumin. Direba mai gudu ya ba shi Injin Niƙa. Akawu mai yawan shiru ya ba shi Ruwan Farko. Ba ya karɓar ko kwabo a kai, kuma yana da ƙa'ida ɗaya: ba ya sa gyara a kaset na karatu ko wa'azi.

A watan Agustan 2000 aka ƙaddamar da shari'a a jihar. Masu shagunan kaset da yawa suka rage lasifikarsu, wasu suka mayar da kayan kiɗa ƙarƙashin teburi. Nata'ala ma ya rage tasa. Amma hannunsa ya riga ya saba.

Bayan wata biyu Malam Sharhabilu ya shirya walimar saukar karatu ta ɗalibai shida. Ya aiko a kwafa masa wani tsohon wa'azinsa guda goma, za a raba wa baƙi. Ranar shagon ya cika, ana ta kawo aiki, wuta ta ɗauke sau biyu. Tara sun fita lafiya. Na goman, Nata'ala na cikin gardama da wani a kan rediyo, ya ji rikoda ta tsaya, ya ga saura zare, hannunsa ya shiga gwangwani ba tare da ya tambayi kansa ba.

Kuma shi wannan na goman aka sa a lasifikar makaranta da hantsi, lokacin da baƙi ke taruwa. Dagaci na zaune, limamai uku na zaune. Muryar Malam ta rufe da salati, aka yi shiru na ɗan lokaci, sai Injin Niƙa ta tashi a kan ƙauyen gaba ɗaya. Wanda ke kusa da rikodar ya ruɗe ya murɗa ƙara maimakon ya kashe.

Malam Sharhabilu bai yi faɗa a gaban mutane ba. Sai bayan kwana biyu ya kira ƙaninsa ɗakin mahaifiyarsu, Inna na zaune a bakin gado.

"Nawa ne irinsu a wurinka?"

"Talatin da ɗaya, Yaya Malam."

"Mutane sun ce in sa ka ƙona su. Ni ban ga laifin roba da zare ba. Azumi saura mako biyar. Kai za ka ɗauki tafsirina na bana, kuma a kansu za ka ɗauka. Abin da ya ɓata mini taro, shi zai ɗauki karatu."

A ransa Nata'ala ya riga ya lissafa cewa kwana biyu sun ishe shi ya kwafe su duka a sababbin kaset. Amma Malam ya sha zama a shagon, ya san yaren sana'ar.

"Kuma ban da haihuwa," in ji shi. "Uwa za ta tafi ba ta bar 'ya'ya ba. Ka faɗa a gaban Inna."

Ya faɗa a gaban Inna.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne, waɗannan ba kaya ba ne da za a sake saya a Kano ko Legas. Ba su da suna. Ko da zai sami mai tafiya Turai, bai san me zai ce a nemo masa ba. In aka goge, an goge ke nan.

Makonnin nan biyar bai zauna wuri ɗaya ba. Ya tuna cewa alkawarin bai shafi gyaran da ya riga ya raba ba. Shekara bakwai yana zuba waƙoƙi a wutsiyar kaset ɗin mutane, lalle suna nan warwatse a cikin motoci da gidaje. Ba karɓowa yake son yi ba, yana so kawai ya san suna raye. Ya riƙa rufe shago da rana yana zagaya tasha. Ya je Shuwarin, ya je Kiyawa, ya hau mota har Jahun, inda Ɗan'inna ya koma yana jigilar fasinja bayan ya bar aikin Kwatano.

Ya same shi a gindin mota yana cin rake.

"Kaset ɗin da na yi maka bara, yana nan?"

"Yana nan mana. Har ya fara ja."

"Gyaran fa? Gurgun Doki na sa maka."

Ɗan'inna ya tofar da ɓawon rake ya yi dariya. "Mai kaset, tsakani da Allah? Ni da na ji waƙar ƙarshe ta kusa ƙarewa nake juya shi. Duk direbobin layin nan haka muke yi. Har suna muka sa wa wurin, ramin Nata'ala. In ka ga rami ai kaucewa kake yi."

"Ko sau ɗaya ba ka ji ta har ƙarshe ba?"

"Sau ɗaya na manta, wata tsohuwa ta ce in sauke ta, wai motar ta lalace."

Sauran direbobin suka fashe da dariya. Nata'ala ma ya yi, don babu yadda zai yi. Wasu da ya tambaya daga baya ma sun ce tun da aka fara shari'a suka toshe gurbin haƙoran suka ɗauki wani abu a kan wurin.

Azumi ya kama a ƙarshen Nuwamba. Tafsirin bayan la'asar ake yi. Kullum da azahar Nata'ala zai rufe shago, ya ɗaure rikoda da batir a bayan babur, ya kama hanyar ƙauye. Kafin ya fita sai ya buɗe gwangwani ya zaɓi wanda zai tafi yau. Ga shi tun yana yaro ba ya jin kiɗa a watan azumi, kuma bai ga dalilin da zai fara bana ba. Saboda haka ko ban kwana bai yi da su da kunne ba. Sai dai ya riƙe kaset a hannu, ya bi waƙoƙin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya a cikin kansa, ya ajiye, ya ɗauki wani, ya koma ga na farkon. Wanda ya yanke wa hukunci, sai ya murɗa 'yar takarda ya toshe gurbin haƙoran.

Kwanakin farko da sauƙi. Akwai waɗanda waƙa ɗaya ce kawai mai kyau a cikinsu, akwai wanda zarensa ya riga ya tauna. Injin Niƙa ya tura ta a rana ta huɗu, ya ce ita ta jawo. Daga rana ta goma abin ya fara ciwo. Matarsa Zuwaira ta same shi wata safiya ya baje su a kan tabarma, yana jerawa yana rushewa.

"Baban Ummi, tun ɗazu kake aurar da su kana sakinsu. Ka rufe ido ka ɗauki ɗaya mana."

"Ba ki gane ba. Wannan gefensa na farko ya fi, wancan kuma na biyu."

"To ni dai tun da na zo gidan nan ban ji wanda ya fi kukan tukunya ba. Amma in ka ci gaba da haka, kafin Salla sai an nemo maka mai magani."

Ya ɗago ya dube ta. "Ke ma ba ki taɓa tsayawa kin ji ba."

"Na ji mana, ta bango. Kai ne ba ka taɓa tambayata ba." Ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. "Ta matar nan mai faɗa a hankali, ita dai tana da gaskiya, ko me aka yi mata."

Wannan ya sa 'Yar Tsama ta kai har rana ta ashirin da shida.

A wurin tafsiri yana zama a gefen Malam, yana duba zare yana juyawa. Aikinsa mai tsabta ne, babu wanda ya taɓa kuka da shi. Idan ya danna jan maɓallin nan, ya san daidai wace waƙa ce ke mutuwa a minti na biyar, wace ce a minti na ashirin. Karatun yayansa na shiga kunnensa ɗaya, ɗayan kuma yana bin abin da ake gogewa. Sau uku karatu ya yi tsawo har aka ci kaset biyu a rana ɗaya. Ran ashirin da takwas ga wata, ranar rufewa, saura guda ɗaya a gwangwani.

Ya isa da wuri. Mutane ba su gama taruwa ba, Malam na zaune a zaure yana duba littafi. Nata'ala ya haɗa batir, ya sa kaset, ya danna. Maɓallin ya ƙi shiga. Ya sake dannawa.

"Ba ka toshe ba," in ji Malam, bai ɗago ba.

"Na manta, Yaya Malam."

"Sau talatin ba ka manta ba." Ya rufe littafin da yatsa a ciki. "Me ke cikin wannan da ka ɓoye shi har ƙarshe?"

Nata'ala ya kai hannu zai kunna.

"A'a. Ba zan ji ba. Ka faɗa mini da baki."

Sai ya faɗa. Ya ce waƙa ta uku ce a gefe na biyu, yana kiranta Mai Jiran Mota. Jita ɗaya ce tak, tana maimaita abu guda kamar mai kai-kawo a bakin titi. Mutumin yana fara magana ƙasa-ƙasa. Sai ganga ta shigo daga nesa, tana matsowa, kamar ga mota nan tafe, muryarsa ta ɗaga, har ka ce yanzu za ta tsaya masa. Sai ta wuce. A koma jita ɗaya. Haka sau uku. A na ukun ba ya ɗaga murya ma, ya riga ya sani, amma bai bar bakin titin ba. Ya ce akwai wurin da yatsan mai kiɗan ya zame a kan waya, ana jin ƙarar, ba su gyara ba, suka bar shi haka. Ya yi ta bayani yana nunawa da hannu, ya tashi tsaye bai sani ba. Bai taɓa kai wannan bayani ƙarshe a gaban kowa ba, kullum akan katse shi. Malam bai katse shi ba.

Da ya gama, Malam ya tambaye shi game da mutumin waƙar.

"Ina za shi?"

"Ban sani ba. Ba na jin Turancin."

"Shekara nawa kana jin mutum, ba ka san inda za shi ba." Ya girgiza kai. A waje an fara shimfiɗa tabarmi. "Yau babu karatu mai yawa, addu'ar rufewa ce. Addu'a kuwa ba rikoda ake yi wa ba. Cire abinka."

"Alkawarin fa?"

"Ni aka yi wa, na sauke maka na wannan ɗaya. Zan gaya wa Inna. Amma ba a gidana ba, ba a shagonka ba, ba a wutsiyar kaset ɗin kowa ba. Kuma har yanzu ban da haihuwa."

"To a ina zan ji shi?"

"Wannan kuma ba tambayar malami ba ce," in ji Malam, ya miƙe ya gyara rawaninsa.

Kwana uku bayan Salla, da hantsi, Nata'ala ya ɗauki ƙaramar rikoda da sababbin batura huɗu, ya hau duwatsun da ke bayan gari, ya wuce inda dabinai suka ƙare. Ya sami inuwar wani dutse, ya juya gefe na biyu, ya murɗa zaren da biro zuwa waƙa ta uku. Tana nan yadda ya bar ta, har da zamewar yatsan.

Kafin ganga ta wuce a karo na biyu ya riga ya miƙe tsaye. Ya tuna wani kaset mai shuɗiyar takarda da ya goge tun rana ta goma sha tara, wanda ke da waƙoƙi huɗu masu kyau a jere, ba ɗaya ba. Ya tsaya da rikodar a hannu yana ƙoƙarin tuno yadda ta biyun take farawa, da jita ne ko da ganga. Ya gwada da baki, bai fito daidai ba. Ya sake gwadawa yana saukowa.